Tsohon Mataki na Huɗu

Issouf ya dawo Agadez daga Kanada da takardar shaidar karatu, da rigar sanyi mai nauyin bargo, da wani wasan salula da ya ƙirƙira da kansa. Takardar mahaifiyarsa ta karɓa ta sa a ƙasan akwati. Rigar aka shimfiɗa wa wata akuya mai jego. Wasan kuwa ya ce da shi zai ci abinci.

Yayansa Seydou, mai kamyo biyu, manyan motocin da ke kai kaya Djado can cikin hamada, ya saurari bayanin daga farko har ƙarshe bai katse shi ba. Da Issouf ya gama, sai ya ce:

"Wasa dai."

"Wasa ne, Yaya, amma sana'a ce."

"Duk shekarun nan da ka yi a bayan duniya, wasa aka koya maka."

"A can ana girmama masu yin sa."

"A nan mai ɗaukar buhu ake girmamawa." Seydou ya miƙa masa makulli. "Ga ɗakin bayan butik, inda muke sayar da kaya. Akwai wutar kuran, akwai tabarma. Daga yau zuwa sallar layya. In wani ya ɗauke ka aiki kan wasan nan, na taya ka murna. In ba a samu ba, ka hau kamyo mu tafi Djado. Hannu nike nema, ba diplom ba."

Issouf bai taɓa zuwa Djado ba. Ya dai ga masu dawowa daga can, leɓe a tsage, ido ja, murya a dushe, kuma wannan ya ishe shi. Ya karɓi makullin, ya rantse a zuci ƙafarsa ba za ta taka bayan kamyo ba.

Sunan wasan Rumfar Habsa. Mai wasa shi ne Habsa, wata mata da ke dafa wa masu haƙar zinariya abinci a Tchibarakaten. Tana da murhu, da buhun shinkafa, da gawayi, da tano ɗaya, wato gangar ruwa, wanda dole ya kai ta yamma. Masu haƙa suna fitowa daga rami su yi layi, kowa da abin da yake so a zane bisa kansa: wannan shinkafa da wake, wancan makaroni, wani shayi kawai. Ka yi sauri, su ci su tafi da fara'a. Ka yi nawa, fuskarsu ta yi ja su juya. In ruwa ya ƙare kafin faɗuwar rana, ka faɗi ke nan, sai ka koma safiya ka sake. Kowace rana mataki ɗaya ce, kuma kowane mataki ya fi na bayansa zafi.

Wani kamfani a Abidjan ya nuna sha'awa. Matar da ke magana da yawunsu, Madam Sakina, ta ce masa ta waya: "Ka sake shi cikin mutanenku mu gani. Ba yawan masu ɗaukarsa ya dame ni ba. So nake in ga suna wucewa gaba. Wasan da ake maƙalewa a farkonsa ba ya zuwa ko'ina."

Ya sake shi. Da yake wasan ba ya bukatar rezo, wato sabis ɗin waya, sai ya riƙa tsalle daga salula zuwa salula kamar ƙuma a garken awaki. Direbobi a tasha suna yi. 'Yan kabu-kabu suna yi a inuwa har fasinja ya gaji da tsayuwa ya wuce. Masu haƙa suka tafi da shi arewa cikin aljihu. Issouf ya sa lambarsa a ƙarshen wasan, don haka vokal, saƙon murya, ya fara shigowa safe da rana. Wani ya ce wasan ya yi, amma a gyara, layi ba ya tsayawa ko an kira salla. Wani daga Arlit ya tambaya, cikin ladabi ƙwarai, ko Habsa tana da aure.

Issouf ya sayi baƙin tabarau. Ya fara cewa "mes joueurs", wato 'yan wasana, in yana magana, yana ɗan jan kalmar. Ya wuce ta gaban kamyon Seydou ana loda masa buhunan gari, ya dube shi irin duban da ake yi wa ciwon da ya kama wani.

Sai dai akwai ordinater, kwamfutarsa, kuma ordinater ba ya fadanci. Duk salular da ta samu rezo tana aiko masa da labarin inda mai ita ya tsaya. Mataki na ɗaya, kowa ya wuce. Na biyu da na uku, kusan kowa. Na huɗu kuwa bango ne. Tun daga Agadez har bakin iyakar Aljeriya, babu mutum ɗaya da ya taɓa ganin mataki na biyar. Abin da ya fi ɗaure masa kai, ba su goge wasan ba. Suna faɗuwa, suna sakewa, suna faɗuwa, kamar an biya su.

Ya ɗauka wani abu ne ya lalace. Ya buga matakin da kansa, ya wuce sumul. Don haka ya rufe ɗaki, ya nufi fadar Karim don ya gani da idonsa.

Karim abokinsa ne tun lekol, tun suna 'yan makaranta, yanzu ɗan kabu-kabu, mutumin da zai kai baƙo unguwar da ke bayan katanga ta hanyar da ta zagaye rabin gari. Fadarsu, inda suke taruwa hira, tana ƙarƙashin wata bishiyar bedi, da benci biyu da butar shayi. A ranar akwai Mansur, mai sayar da esans, man fetur, a kwalba, wanda duk mai babur a unguwar ya san esans ɗinsa ba esans kaɗai ba ne.

"Injiniya!" in ji Karim. "Zo ka ga aikin hannunka. Tun safe nike nan."

Issouf ya tsaya a bayansa. Karim ya iya wasan, babu musu. Yatsunsa suna tashi kamar na mai kiɗan gurmi, shinkafa na sauka, shayi na zuba, babu fuskar da ta yi ja. Rana ta kai tsakiya a cikin salula. Sai ga tsohon.

Tsohon nan Issouf ne ya zana shi, cikin sauri, wata rana da ƙanƙara ta hana shi fita. Siririn mutum ne mai shuɗin rawani, yana fitowa daga cikin hamada a ƙasa, da busasshiyar salka a kafaɗa. Ba ya shiga layi, ba ya sayen komai. Yana tsayawa gefen tano, kalma ɗaya a bisa kansa: Ruwa. Sai maɓalli biyu su fito, kore da ja. Koren ya ce "Ba shi". Jan ya ce "Kore shi". In ka ba shi, sai ya cika salkarsa, abin da ya rage a tano ba zai dafa shinkafar yamma ba. Tarko ne. Malaminsa na Kanada ya yaba masa sosai a kansa, ya ce wannan shi ne zaɓi mai wuya, shi ne zuciyar wasan. 'Yan ajinsu duk sun kore tsohon ba tare da sun ƙifta ido ba. Wata ma ta tambaya ko akwai ƙarin maki ga wanda ya kore shi da wuri.

Karim ya danna kore tun kafin tsohon ya gama tsayawa. Ya ci gaba da dafuwa. La'asar ta yi, tano ya bushe, masu haƙa suka yi ja suka watse.

"Ka gani? Kullum nan ne. Ruwanka bai isa ba, injiniya."

"Ai ba ba shi za ka yi ba."

"Wa?"

"Tsohon. Ga ja nan, shi za ka danna."

Karim ya sake shiga matakin, ya yi wasa har tsohon ya iso, ya kawo salular kusa da hancinsa ya karanta. "Kore shi," ya faɗa a hankali. "Wallahi na ɗauka ado ne."

Mansur ya ajiye kofin shayinsa. "Tsaya in gane. Mutum ya fito daga hamadar Tenere a ƙasa, salkarshi ta bushe, ya tsaya gaban ruwana, in ce mishi ya yi gaba?"

"Ba mutum ba ne, Mansur. Zane ne. Ni na zana shi."

"To ai kai ka zana shi da ƙishirwa."

"C'est la logique du jeu. Ana koya maka tattali. Ba kowa za ka iya ba."

"Ba kowa ba ne, mutum ɗaya ne," in ji Karim. "Kuma ya girme ka."

Issouf ya yi musu bayani mai tsawo, da Hausa da Faransanci, har da zane a ƙasa da tsinke. Suka saurare shi kamar yadda ake sauraren wanda ya dawo daga doguwar jinya. Da ya gama, Karim ya danna kore, tsohon ya cika salka ya ɗaga hannu ya tafi.

Kafin sati ya zagayo, labari ya shiga gidaje. Gwaggonsa Ramata, ƙanwar mahaifinsa, wadda ba ta kiran mutum sai da dalili, ta aiko a kira shi. Ya same ta a tsakar gida tana tsince yakuwa.

"An ce ka yi na'urar koya wa mutane hana ruwa."

"Gwaggo, wasa ne."

"Kakanka raƙumi ya bi zuwa Bilma har ƙafarshi ta gaji. Ka san sau nawa wani ya shayar da shi a hanya? Da an danna mishi ja, da kai da diplom ɗinka babu ku."

"Ba haka nake nufi ba."

"Mi kake nufi?"

Ta share hannu a zane, ta zaro salula daga ƙarƙashin tabarma, ta miƙo masa. Rumfar Habsa ce a buɗe, a mataki na huɗu.

"Tun da ka zo, ƙara mini ruwa a tanon nan. Baba Salka yana tafe."

A nan ya fara jin sunan. Ashe tuni gari ya raɗa wa tsohon suna, kuma ba a gayyaci wanda ya zana shi ba.

Ya ƙara ruwan. Abu ne mai sauƙi, lamba ɗaya ya canza, ya tura sabon wasan, ya kwanta yana jiran bango ya faɗi. Bango bai motsa ba. Ya koma fada. Karim ya ba tsohon ruwa, ya ga tano da saura sosai, ya ga koren maɓallin bai ɓace ba, sai ya sake dannawa.

"Mi kake yi haka?"

"Hanya da nisa, injiniya. Tun da akwai, a ƙara mishi."

Ya danna har sai da tano ya koma yadda ya saba.

Sallar layya tana matsowa. Raguna sun fara cika kasuwa. Wata safiya Issouf ya tarar Seydou ya ajiye masa sabon rawani da takalmin roba a ƙofar ɗaki, babu saƙo.

Sai Issouf ya yanke shawarar da ya ga ta fi kowace hankali. Ya cire tsohon gaba ɗaya. Babu tsoho, babu tarko, babu maɓalli, kowa ya wuce. Ya tura gyaran, ya je ya yi aski.

Kafin ya tashi daga kujerar wanzami salularsa ta fara rawa. Vokal ne, ɗaya bayan ɗaya.

"Salamu alaikum, mai wasa. Yau Baba Salka bai zo ba. Lafiya dai?"

"Malam, mun jira shi har rana ta faɗi. Ko ya canza hanya?"

Wata mata ta ce ita dai ta ji an ce wani marar imani a Arlit ne ya danna ja, tsohon ya koma, ƙishirwa ta kashe shi a hanya. Ta ce in gaskiya ne a faɗa musu, su san abin da za su yi. Wani mai haƙa daga Tchibarakaten, wanda iska ke cinye rabin maganarsa, ya ce ya hau dutse ne musamman don ya samu rezo, kuma abin da zai ce ɗaya ne: a dawo da dattijon nan, in ba haka ba akwai Allah.

Issouf ya koma ordinater yana cewa ko ba komai yanzu za su wuce. Ba su wuce ba. Da rana ta kai tsakiya a cikin wasan, sai su daina dafuwa. Suna ajiye wa tsohon rabonsa, ko zai zo a makare. Masu haƙa su yi ja su watse, rana ta faɗi a kan tano cike da ruwa. A da suna faɗuwa don ruwa ya ƙare. Yanzu suna faɗuwa da ruwansu a hannu.

Ya zauna ya dafe kai. Ya tuna wata lacca da aka yi musu a kan yadda ake jan mai wasa da lada. Ya ce to, shi ke nan, ya gane su. Suna son bayarwa, bari a biya su. Ya dawo da tsohon, ya shirya yadda in ya sha ruwa zai ajiye ɗan dunƙulen zinariya a ƙasa kafin ya tafi. Ka taɓa dunƙulen, motar ruwa ta zo ta cika maka tano. Kowa ya samu abin da yake so. Issouf ya ji daɗin dabarar nan har ya tashi ya zagaya ɗaki.

An yi murnar dawowar Baba Salka. Wani ya aiko da vokal na guɗa kawai. Amma babu wanda ya taɓa zinariyar.

"Ɗauka mana!" in ji Issouf, yana tsaye a kan Mansur. "Ga ta nan tana walƙiya!"

"Ta tsoho ce. Faɗuwa ta yi."

"Ba faɗuwa ta yi ba, ba ka ya yi."

"Don na ba shi ruwa?" Mansur ya ɗago ya dube shi. "Issouf, ni ina sayar da esans, kuma ban ce duk abin da ke cikin kwalbar nan esans ne ba. Amma ban kai nan ba."

Dunƙulen ya yi ta walƙiya a ƙasa har rana ta faɗi.

Da Madam Sakina ta kira, raguna sun riga sun shiga gidaje. Ta ce ta duba abin da ya aiko, ba ta taɓa ganin irinsa ba: mutane ba sa barin wasan, kuma ba sa ci gaba. Shugabanninta suna ganin matakin ne ba ya wucuwa. Ta ce ya daina taɓe-taɓe, ya mayar da wasan yadda yake tun farko, da tsohon da jan maɓallinsa, don ita wannan wurin ne ya burge ta. Sannan ya kira ta da bidiyo, ta ga an wuce mataki na huɗu a kan salula irin ta mutanen gari, ta ga na biyar da idonta. In ta gani, za ta iya tsaya masa. In ba ta gani ba, ba ta da abin faɗa.

Ya mayar da komai cikin gaggawa. Sannan ya shiga neman wanda zai danna ja.

Karim ya ce yana da iyali. Mansur ya ce sana'arsa ta jama'a ce. Wani makanike ya yarda, da aka zo kan magana sai ya ce a bari ya tambayi malaminsa. Daga ƙarshe Karim ya ce, saboda zumunci, zai ba da aron salularsa, zai kuma riƙe ta Issouf a saita bidiyo. "Amma jan nan, injiniya, kai ka haife shi, kai za ka danna."

Ɗakin bayan butik ba ya kama rezo mai ɗaukar bidiyo. Duk unguwar babu inda ke kamawa sai gindin bedin fada. Aka sa lokaci bayan la'asar. Issouf bai gaya wa kowa ba sai Karim, wanda hakan daidai yake da sanarwa a rediyo.

Da ya iso, babu wurin zama. 'Yan kabu-kabu sun jera babura. Direbobi sun baro tasha. Mata sun tsaya daga nesa kaɗan, Gwaggo Ramata a gabansu, an kawo mata kujera. Duk mutanen nan sun yi rantsuwa ba za su taɓa jan maɓalli ba, kuma dukansu suna mutuwar son ganin abin da ke mataki na biyar. An samu wanda zai ɗauki zunubin, saura kallo.

Fuskar Madam Sakina ta fito a salula, da gilashi da bango fari a bayanta. "Oh, kana da jama'a," in ji ta.

"Mes joueurs," in ji Issouf, amma wannan karon kalmar ba ta ja ba.

Ya fara. Shinkafa, makaroni, shayi. Ya san wasansa. Rana ta kai tsakiya. Daga gefen hagu shuɗin rawani ya ɓullo.

"Ga Baba nan," wani ya faɗa a hankali.

Tsohon ya tsaya gefen tano. Ruwa. Gindin bedi ya yi tsit, har ana jin butar shayi tana tafasa. Issouf ya ji idon Gwaggo a ƙeyarsa kamar an ɗora masa garwashi. Ya tuna leɓen masu dawowa daga Djado. Ya danna ja.

Ya manta abin da ya zana a wurin. A Kanada abin dariya ne, shi ya sa ya tsawaita shi. Tsohon ya dubi tano, ya dubi mai wasa, ya girgiza salkarsa ta yi ƙarar busasshiyar fata. Sannan ya juya. Ya kama tafiya cikin yashi a hankali, yana ƙanƙancewa, ya tsaya ya waiwayo, ya ci gaba. Babu yadda za a yi a tsallake wurin. Sai da kowa ya kalle shi har ya zama ɗigo.

"Inna lillahi," in ji Gwaggo Ramata, ba da ƙarfi ba, amma har Abidjan an ji.

Issouf ya dafa shinkafar yamma da ruwan tsoho. Masu haƙa suka ci suka tafi da fara'a. Rana ta faɗi, taurari uku suka fito suna juyi, aka buga ɗan kiɗan nasara wanda babu kunnen da ya taɓa jin sa a ƙasar nan. Mutane suka matso, kai bisa kai. Rubutu ya fito: Mataki na Biyar.

Salular ta yi baƙi. Ta ɗan yi tunani. Sai ga hoton da Karim ya sa a fuskar salularsa, shi a kan babur ɗinsa, da baƙin tabarau, yana murmushi. Wasan ya rufe kansa.

A cikin cire tsoho da mayar da shi da zinariya da ƙarin ruwa, wani abu ya tsinke tsakanin na huɗu da na biyar. Issouf bai duba ba, don hankalinsa duk yana kan na huɗu. Babu kuma mai wasa ko ɗaya da zai gaya masa, tun da babu wanda ya taɓa isa wurin.

"Un petit souci, Madam," in ji shi. "Minti ɗaya."

Ya sake buɗewa. Wasan ya mayar da shi safiyar mataki na huɗu. Ya sake dafa shinkafa. Rana ta sake kaiwa tsakiya. Tsohon ya sake fitowa daga cikin yashi, da salkarsa, kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu.

"A'a, Issouf," in ji Mansur. "Ya dawo fa."

Issouf ya danna ja. Aka sake kallon tafiyar tun daga farko, har da waiwayen. Wata mata ta ja mayafi ta rufe fuska. Taurari suka fito, kiɗa ya tashi, salula ta yi baƙi, Karim ya sake yin murmushi a kan babur.

Madam Sakina ta gyara gilashinta. Ta ce ta gode ƙwarai, ta ga aiki mai ban sha'awa, kuma za su neme shi. Issouf ya yi zama a ƙasar Turawa, ya san ma'anar wannan.

Mutane suka watse ba hayaniya, kamar an tashi daga jana'izar wanda ba a saba da shi ba. Gwaggo ta wuce ta gabansa ba ta dube shi ba. Karim ya karɓi salularsa, ya goge fuskarta da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Sau biyu, injiniya," ya ce. "Ko ɗaya ai da an ce kuskure ne."

Aka yi salla, aka ci nama. Abidjan ba ta kira ba. A unguwa yara da manya suka daina ce masa injiniya, suka koma Danna-Ja. In ya shiga gida ya nemi ruwan sha, sai a kawo masa da sauri, a kofi mafi girma, a tsaya ana kallonsa har ya shanye.

Ranar tafiya ya zo tasha da rawani da takalmin roba. An gama lodi, fasinjoji sun hau kan kaya, tanonin ruwa a ɗaure a gefen kamyo. Ya sa ran Seydou zai yi masa dogon jawabi. Seydou ya zaro wani ɗan makulli daga aljihu, na kwaɗon da ke kan famfon babban tano, ya sa masa a hannu.

"Kai ne mai ruwa."

"Ni, Yaya?"

"Duk wanda na ɗora a kan ruwan nan, kafin mu kai Dirkou ya rabar da rabi. Wannan zai wanke ƙafa, wancan zai yi shayi na biyar, ba mai iya cewa a'a. Ban ce ka hana mai ƙishirwa ba, kar ka ja mini abin magana. Amma kai an shaide ka gaban jama'a." Ya dafa kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba tun dawowarsa. "Ashe dai karatun bai tafi banza ba."

Issouf ya hau ya zauna kusa da tano, makulli a wuya. Kamyo ya fita daga gari ya kama gabas. A kan buhuna mutane suka zaro salula, ɗan kiɗan Rumfar Habsa yana tashi ta ko'ina, kowa a mataki na huɗu. Lokaci-lokaci wani zai ɗago ya dubi mai ruwa, ya raɗa wa na kusa da shi wani abu, su biyun su sunkuyar da kai.

Tun da Seydou ya fara bin hanyar nan, wannan ne karon farko da ya isa Djado da ragowar ruwa. Issouf bai hana kowa ba. Mutane ne dai sai ƙishirwa ta kai musu wuya suke iya tunkararsa, kuma ko sun zo, da sallama suke farawa.